Jirgin Feshi da Saman Gidan Dagaci

Ƙarfe shida saura kwata na yammacin wata Litinin abin ya fara lalacewa. A gaban idona aka yi, amma ban gane ba. Jirgin feshi ya taso daga ƙarshen fili, cikinsa cike da maganin tsuntsu, yana nishi kamar jakin da aka ɗora wa mangala biyu. Ya ɗaga da ƙyar, ya bi ta kan ƙauyen da ke bakin filin ta yamma, tsayinsa bai fi na rimi ba. Na bi shi da madubin hangen nesa har ya ɓace, na ce aiki ya yi kyau. Ashe daidai lokacin ne matan ƙauyen suke wankan yamma, banɗakunansu kuwa zana ce aka kewaye, babu rufi.

Nakan ji ku, ku da kuke koyon aikin nan yanzu, kuna cewa ai aikin hasumiyar filin jirgi zama ne a cikin sanyi, ka kalli allo, ka ce wa jirgi sauka, ya sauka. Haka ne, in sararin naka ne. Wuyar aikin tana ranar da jirgi yake gabanka, rediyo yana hannunka, amma ba ka da ikon ce masa kanzil.

A hasumiyar Kano na yi koyon aiki, hannun wani dattijo da ake kira Malam Garba. Ni ce mace ɗaya a cikin masu koyo, kuma ni ce mafi ƙarancin magana. Na haddace littafin ƙa'idoji har da lambobin shafi, amma in aka miƙo mini makirfo sai muryata ta maƙale. Ranar farko Malam Garba ya shanye furarsa, ya kife kwanon a kan tebur, ya ce duk abin da ke ƙarƙashin kwanon nan namu ne: filin jirgi da sararin da ke kewaye da shi. A nan jirgi ba ya motsi sai da izininmu. Ya ɗauki rula ya ɗora ta a kan kwalin ashana biyu, ya ce wannan hanyar manyan jirage ce, can sama, ita ma da masu ikonta. Sannan ya shafa sauran teburin da tafin hannu, ya ce, "Wannan kuwa na Allah ne da direban jirgi."

Ku yanzu haruffan rabe-raben sarari kuke haddacewa, daga A zuwa G. A zamaninmu ba a raba haruffan ba tukuna, amma tuwon ɗaya ne. Akwai sararin da kake sarkin tasha, mota ba ta lodi sai ka ce, kuma in biyu suka yi karo kai za a kama. Wannan ne naku na A zuwa E, ikon yana raguwa kaɗan-kaɗan. Akwai wanda kake gwaggo, ka ba da shawara, a ce an gode, a yi abin da aka ga dama. Shi ne F. Sai na ƙarshe, G, inda kake mutumin bakin rijiya. Matafiyi ya tambaye ka, ka ce gaba akwai taɓo, iska ta yamma ce, wata mota ta wuce ɗazu. Shiga ko fasawa, ya rage nasa. Aikin da filin jirgi zai yi wa direba ya danganta da irin sararin da ke kansa. Filin da ba shi da kwano ba shi da umarni, sai labari.

Wata rana wani abokin karatuna, mai son a ji muryarsa, ya ce wa wani ƙaramin jirgi da ke can wajen kwano ya sauko ƙasa-ƙasa. Malam Garba bai ɗaga murya ba. Ya karɓi makirfon, ya gyara maganar, ya ajiye, ya ce, "Izini ba goro ba ne da za ka riƙa rabawa don a ce kana da kirki. Ranar da ka ce wa jirgi sauka, ka ɗauki alhakin duk saniyar da ke kan titin saukarsa, har da wadda ba ka gani ba."

Abin da ya kai ni ƙauyen nan kuwa, tsuntsu ne. Shekarar da ruwa ya dawo ce, bayan farin nan na farkon shekarun saba'in. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Mutane sun cinye irin shuka, sun ci dusa, shanu sun zube a hanyar Maigatari ba wanda ya ko tsaya fiɗa. A wannan daminar gero ya yi kyau daga Ɗanzomo har Gagarawa, ya fitar da kai, ya fara ƙosawa. Sai jan-baki ya sauko. In garkensa ya taso sai ka ce hayaƙin gobara, in ya sauka a gona ya tashi, zangarniya ta koma sanda. Aka kawo jirgin feshi, aka share wani fili a gefen wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, jikokinsu suna nan, wasu ma sun yi digiri. Ana neman mai riƙe rediyo, duk mazan suka noƙe. Malam Garba ya dube ni ya ce, "Rakiya, ai garinku ne. Ki riƙa kwana a gida Gumel, ki ci tuwon gida."

Kayan aikina ba su cika bayan jif ba. Ƙaramin rediyo na magana da jirgi, babban rediyo mai dogon zango na kiran Kano, batirin mota biyu, ma'aunin nauyin iska, madubin hangen nesa, da gwangwanaye masu kananzir da lagwani da muke jerawa gefen titi in jirgin ya dawo da magariba. Sai wani dogon buhun yadi da muke ratayawa a kan gora don ya nuna inda iska ta dosa. Mutanen ƙauyen suna kiransa ƙafar wandon Bature. Hasumiyata inuwar aduwa ce. Ma'aikatana mutum ɗaya, Sale direba.

Direban jirgin wani Bature ne mai dogon wuya, ɗan kwangila. Hausarsa kalma biyu ce, sannu da yauwa, kuma yakan sa kowacce a gurbin 'yar'uwarta. Aikinsa ya iya shi. Jan-baki ba ya taruwa sai dab da faɗuwar rana, a wani kurmin ƙaya da ke yamma da ƙauyen, saboda haka feshin ba ya yiwuwa sai a lokacin. Ni nawa in gaya masa iska, da nauyinta, da halin da titi yake ciki. In na gama, shi yake yanke shawara ya tashi.

Ranar Talata muka iso muka tarar da titin cike da ƙaya. Ba watsawa aka yi ba, aiki aka yi na tsanaki, rassan farar ƙaya da na magarya an jere su layi-layi kamar za a yi shingen gona. Wani mutum yana zaune a gefe da sanda. Ya ce Dagaci yana kirana.

Na durƙusa a bakin zaure, idona a kan tabarma. Dagaci yana zaune, Liman yana damarsa, dattawa sun cika sauran wurin.

"Ke ce 'yar Malam Sani na Gumel?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Ubanki mutumin kirki ne. Ya aka yi kike turo mana jirgi cikin banɗaki?"

Na ce ba ni nake tura shi ba. Ya ce su ba makafi ba ne. Sun ga ina magana a ƙarfen nan yana tashi, ina magana yana sauka. Tun jiya, in ji shi, an raɗa wa jirgin suna Leƙa-gidan-kowa, kuma shi ba zai zauna a garin da wani ƙato yake ƙare wa iyalinsa kallo daga sama ba.

Abin da na iya shi na yi. Na roƙi aron ƙwarya, na kife ta a kan tabarma, na fara daga farko. Na yi bayanin kwanon Kano, na yi na hanyar manyan jirage da karan dawa, na kawo sarari uku da irin aikin kowanne, ban tsallake komai ba. Ban taɓa yin doguwar magana haka a gaban maza ba. Dagaci ya saurara har ƙarshe, ya nuna ƙwaryar da yatsa.

"To, wannan ta Kano ce. Ina tawa?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Dagaci guda, ko ludayi ba a kifa masa ba?"

Liman ya gyara murya ya ce a karatunsu, wanda ya mallaki ƙasa ya mallaki iskar da ke samanta. Ya tambaye ni namu littafin wa ya rubuta shi, kuma ko yana da mata. Aka yi dariya, ban da Dagaci. Ya ce maganarsa ɗaya ce. In hana jirgin bi ta kan gari, a kwashe ƙaya kafin la'asar. In ban hana ba, ƙaya ta samu wurin zama.

A hanyar komawa Sale ya ce, "Malama, ki ce kin hana shi kawai mana. In ya bi ta kansu, ki ce iska ce ta kwashe shi."

Na ce masa in na yi haka za su kwashe ƙayar, jirgi ya tashi, ya bi ta kansu, su mayar da ita yana sama. Ya dawo da magariba, mai ya kusa ƙarewa, ya sauka a ina? Sale ya ce shi dai da ma direban ƙasa ne.

Na je wa Baturen da maganar. Ya zana mini a ƙasa da tsinke abin da na riga na sani. Jirgi iska yake fuskanta ya tashi, iskar damina kuwa daga yamma take. In ya juya gabas, iska tana bayansa, titin gajere, ga kukoki a ƙarshensa. In ya tashi yamma ya ce zai karkata kafin gari, da wannan lodin, fiffike zai saki. Na ce duk da haka mutanen gari ba sa so.

Ya cire lofe daga bakinsa. "Umarni ne wannan, ko labari?"

"Labari ne."

"To na ji labari."

Ya rantse mini ba ya ganin komai. Ya ce a wannan lokacin idonsa yana kan agogon gudu da kan bishiyoyi, in ya kuskura ya kalli ƙasa, cikin banɗakin zai faɗa gaba ɗaya, shi da maganin. Ni kuwa da tsare amanar saƙo, na kai wa Dagaci wannan magana kamar yadda aka faɗe ta. Da yamma aka ƙaro ƙaya.

Ranar Laraba na ɗaure wayar babban rediyo a reshen aduwa na kira Kano. Sai da na sha ƙarar iska kafin muryar Malam Garba ta fito. Na zayyana masa komai a tsare.

"Tsayin nawa yake bi?"

"Bai kai ƙafa ɗari biyu ba, Malam."

"A ina?"

"Bayan Gagarawa."

"Rakiya, nan ai wajen kwano ne, kin fi ni sanin shafin."

Na ce ko za a iya ayyana saman ƙauyen a matsayin wurin da aka hana jirage bi. Na ji wasu suna tuntsira dariya a bayansa. Ya ce irin wannan ana yi wa barikin soja ne, bai taɓa jin an yi wa banɗaki ba, amma in rubuto a aika Legas, kafin amsa ta dawo an yi girbi biyu. Sai ya sauya murya ya ce, "Kada ki ba da abin da ba ki da shi. Abin da kike da shi kuwa, ki tabbata ya kai ga kowa."

Da yammacin nan muna zaune a ƙarƙashin aduwa, jirgi yana lulluɓe da tamfol, tsuntsaye suka wuce ta kanmu za su kurmi. Sun daɗe suna wucewa. Daga gonaki kana jin gwangwani da ihun masu kora, muryoyin duk sun dishe. Baturen ya ce shi kwangilarsa ba ta zama ba ce. Ana jiransa wajen Haɗeja, in Alhamis ta wuce bai yi feshi ba, ranar Juma'a da safe zai sa a kwashe masa ƙayar rabin titi ya tashi babu lodi, ba kuma zai dawo ba. Wannan ma, na san Dagaci da hannunsa zai taya shi kwashewa.

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci, yawancin mazan garin sun tafi tun da safe. Ina goge kan batir ina lissafin waɗanda na ba labari. Na ba direban jirgi, na ba Kano, na ba Dagaci da Liman da dattawan zaure. Waɗanda jirgin yake bi ta kansu ne kaɗai ba wanda ya ce musu komai, ba kuma wanda ya ji ta bakinsu. A cikinmu duka, ni kaɗai ce zaure ba ya tsayarwa.

Bayan azahar na gyara mayafi na tafi. Dagaci bai je kasuwa ba, ya zauna gadin ƙayarsa. Na gaishe shi na ce zan shiga in gaida Iya. Ba a hana mace gaida tsohuwa. Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba.

Tsakar gidan cike take da mata, na gidan da na maƙwabta. Wata tana daka, na leƙa turmin na ga rabinsa dusa ce. Mahaifiyar Dagaci, Iya Tabawa, tana zaune a kan tabarma tana tsinke zogale. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, hannuwanta kamar kara.

"Ga matar jirgi," in ji mai dakan.

"An ce da Turanci kuke hira. Me yake ce miki?"

Na ce maganar iska muke yi. Aka kwashe da dariya, wata ta ce ai da ma duk maganar maza ta iska ce. Wata matashiya mai goyo ta ce ita ce take wanka ranar Litinin, ta ɗauka tashin ƙiyama ne, ta fito da kumfa a ido tana neman zaninta, ashe akuya tana kwance a kai.

Na durƙusa gaban Iya Tabawa na yi abin da aka koya mini. Na gaya mata lokacin da jirgin yake tashi, da ta inda yake bi, da dalilin da ba zai iya bin wani wuri ba. Na ce wucewarsa ba ta kai a ɗebi buta a zuba ba. Na ce ina iya sa Sale ya buga ƙarfen taya kafin a tayar da inji, duk gari za a ji, mai wanka ta kimtsa. Na ce in bai yi feshi yau ba, gobe zai tafi.

Ta ajiye zogalen.

"Tsaya, 'yar nan. Wato jirgin da ya daina tashi, ba lalacewa ya yi ba?"

"Lafiyarsa ƙalau, Iya. Ƙaya aka zuba masa."

"Mu an ce mana mai ne ya ƙare."

Mai dakan ta tsaya.

"Saboda me aka zuba?"

"Saboda wankanku, Iya."

"Shi mai garin naku ne ya ce mun kai ƙara?" Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Na ce ni dai ban ji an ambaci wadda ta kai ba.

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ce wa mai goyon ta leƙa ta katanga ta kira mata Kande da Gambo da tsohuwar gidan maƙera, su zo da igiya da gammo, duk wadda ta wuce zaman kulle ta fito. Ta ce da ma itace ya yi wuya, ga busasshiyar ƙaya an sare an jere, ba mai ita. Maganar ba a ɓoye ta yi ta ba. Daga zaure muka ji gyaran murya.

"Iya, wannan fa maganar maza ce."

"Bara ma maganar maza muka dafa muka ci," in ji ta, ko juyawa ba ta yi ba.

Tsofaffi suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da igiyarta, suna tambayar ina ne ake rabon itacen. Suka fita ta gaban Dagaci a jere, kowacce ta rusuna ta ce masa ranka ya daɗe, ta wuce. Rana ta fara karkata, kuma can gabas na hango hayaƙin farko na tsuntsayen ya taso daga gonaki.

Iya Tabawa ta ɗaura ɗankwali ta dube ni.

"Ke kuma me kike jira? Je ki ce wa Baturenki ya tashi."

"Iya, ba ni da ikon ce masa ya tashi. Labari kawai nake ba shi."

"To ba shi labari," in ji ta. "Ki ce an kwashe ƙaya. In kuma ya ga dama ya leƙo, ya leƙo da kyau, ya ga abin da yunwar bara ta rage a jikinmu, ya je ya faɗa a garinsu."